Gaskiya ko Jita-jita: Tsohon Babban Babur Marar Lagireto

Daga 1969 zuwa tsakiyar shekarun 1990, kamfanonin Japan da Italiya da Jamus sun ƙera wasu manyan babura na gudu da har gobe masu son babur ba su daina zancensu ba. Ba lagireto a jikinsu, ba famfon ruwa, ba tiyo. Iskar da ke dukan injin a lokacin tafiya ita ke ratsa zara-zaran haƙarƙarin da aka zubo a jikin silinda ta kwashe zafi, baƙin mai ya ɗauki ragowar. Honda CB750 ne ya buɗe fagen a 1969, da silinda huɗu a jere da birkin faifai a gaba. Kawasaki Z1 ya biyo sahu a 1972, sai Suzuki GS1000 a 1978, Katana a 1981, sannan GSX-R750 a 1985. Italiya ta fito da Ducati 900SS, Jamus ta fito da BMW R90S. A can, gyara irin waɗannan babura da ƙara musu kaya sana'a ce mai zaman kanta.

Nan wajenmu kuwa ɗai-ɗai suke shigowa cikin kayan Baljiyam, galibi ƙannensu irin su Suzuki Bandit da GS500 da Yamaha XJ600. Mai sha'awa ya saya, ya miƙa wa bakaniken da ya yi rayuwarsa a kan Boxer da Jincheng. Hannun bakaniken na da kyau, sai dai littafin babur ɗin bai zo tare da shi ba, don haka abin da aka ji a bakin gareji shi ke zama littafi. Abin yana yi mini ciwo, domin babur ɗin da ya shekara talatin lafiya lau a hannun mutane daban-daban, yakan mutu cikin wata shida a hannun wanda ya fi kowa son sa.

Maganar da aka fi ji ita ce wai injin da ba ya shan ruwa na ƙasar sanyi ne, ba zai jure bazarar Sakkwato ko ta Damagaram ba. Amsar tana bakin titi. Kusan duk ƙananan baburan haya da ke yawo a Arewa da Nijar iska ce kaɗai ke sanyaya su, kuma sukan wuni da mutum biyu da buhun hatsi a tsakiyar Afrilu. A fagen tsere ma haka. Gasar Faris zuwa Dakar ta farko, wadda aka kammala a Janairun 1979, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ya lashe ta a kan Yamaha XT500 marar lagireto. BMW ya ci a 1981 da 1983 da 1984 da 1985 da injinsa mai silinda biyu da ke leƙowa ta gefe. Edi Orioli ya ci a 1990 da 1994 a kan Cagiva mai ɗauke da injin Ducati, ɗan gida ɗaya da na 900SS. Wani zai ce ai da hunturu ake gasar. Haka ne, amma injin da aka murɗe wa totur har ƙarshe cikin rairayi mai zurfi yana haifar da zafin da ya shafe bambancin Janairu da Afrilu.

Dalilin a fili yake. Tof ɗin silinda a irin wannan inji yakan yi aiki a wajen digiri 150 zuwa 200 na ma'aunin Salshiyos. Ga ƙarfen da ya kai nan, iska mai digiri 42 har yanzu sanyi ce, matuƙar tana kaɗawa. Abin da injin ba ya jurewa shi ne tsayuwa a kunne. Cikin cunkoson da ba a motsi, ko a wajen ɗaurin aure inda samari ke kafe babur suna ta murza totur don jama'a su juyo, babu iskar da ke wucewa, kuma silinda biyu na tsakiya su suka fi shan wuya saboda 'yan uwansu sun tare su dama da hagu. Haka laka da mai idan suka daskare a tsakanin haƙarƙarin, sun rufe hanyar fitar zafi ke nan. Wanke su da buroshi bayan injin ya huce ya fi duk wani ƙarin kaya amfani. Sheƙa wa inji ruwan sanyi yana tsananin zafi kuwa, wai don a taimake shi, na iya sa alminiyon ya motse ba daidai ba, tof ya karkace ko ya tsage. Hukuncin dai: jita-jita ce, amma mai babur ya kashe injinsa idan tsayuwar ta yi tsawo.

To me ya sa kamfanoni suka koma ruwa? Ruwa yana riƙe zafin inji a mataki ɗaya, ya ba da damar matse kayan ciki da tatso ƙarin ƙarfi, ya rage ƙara da hayaƙi yadda dokokin Turai da Amurka ke nema. Kawasaki ya koma tun 1984 da GPZ900R. Suzuki ya yi tirjiya. Injiniyansa Etsuo Yokouchi ya zaɓi baƙin mai ya yi aikin ruwa: ana kwarara mai da yawa a kan tof, ana fesa shi a ƙarƙashin fistan, sannan ya bi ta babban abin sanyaya mai da ke gaba. Da wannan dabara GSX-R750 na 1985 ya ba da ƙarfin doki kusan 100, nauyinsa kuma bai kai kilo 180 ba kafin a zuba mai. Sai a 1992 ya karɓi lagireto, amma tsarin injin ya ci gaba da rayuwa a jikin Bandit shekaru da dama. Mai irin wannan babur ya riƙe cewa mansa shi ne ruwansa.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi kowace kashe babura. Bakanike zai duba ya ce, “Alhaji, an shaƙe shi da yawa. Bari mu fasa salansar, mu cire wannan akwatin iskar, ka ga yadda zai tashi.” A fasa, a cire, a ɗaura 'yan ƙananan filtoci huɗu masu ƙyalli a bakin kafireto. Babur ya riƙa ruri ana jin sa daga unguwa uku, mai shi ya rantse ƙarfi ya ƙaru. Kunne ne ya yaudare shi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Inji yana ƙona cakuɗen iska da fetur. Idan ana son ƙonewa tas, awon iska kashi 14.7 ne a kan kashi ɗaya na fetur. Idan ƙarfi ake nema, sai fetur ya ɗan rinjaya, wajen kashi 12.5 zuwa 13. Wannan ɗan rarar fetur ɗin yana da aiki na biyu a injin da ba shi da ruwa, shi ne sanyaya ɗakin wuta daga ciki. Tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni suka riƙa tsuke fetur daga masana'anta saboda dokar hayaƙi, wato babur ɗin ya zo ne ba shi da rara mai yawa. Idan aka buɗe masa hanyar iska gaba da baya, aka bar jet ɗin kafireto yadda yake, iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, wuta ta ƙara zafi. Alamun ba sa ɓoyuwa: yana harbin fat-fat idan an saki totur, yana shaƙewa idan an murɗa a tsakiyar gudu, fulogi ya fito fari fat maimakon ƙasa-ƙasa. Idan aka yi kunnen ƙashi, ƙarshenta bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone, ko fistan ya huje.

Akwai ƙari. Yawancin waɗannan babura, musamman daga shekarun 1980, suna da kafireton da ba wayar totur ke ɗaga allurarsa kai tsaye ba. Zuƙar injin ce ke ɗaga ta, ta hanyar wani siririn faifan roba da ke sama. An auna nauyin sifirin da girman ramukan ne bisa yadda akwatin iska ke tace numfashin injin. Cire akwatin ya rikita lissafin gaba ɗaya, shi ya sa masu gyaran da suka ƙware a Turai kan ɓata kwanaki a kan na'urar auna ƙarfin inji suna canza jet da allura kafin su dawo da babur inda yake a da, wani lokaci da ɗan ƙari a can ƙarshen gudu. Mu kuma muna da abin da su ba su da shi, ƙurar hunturu. Ƙaramar filta a fili ba ta tare ƙurar Disamba yadda akwatin asali ke tarewa, ƙurar da ta shige kuma ringi da bangon silinda take ci.

Ba ina cewa salansa mai kyau ba ta ƙara komai ba. Hideo Yoshimura, wanda aka fi sani da Pops, ya yi suna da salansa mai haɗa bututu huɗu su zama ɗaya, kuma GS1000 da ya shirya ya ci gasar awa takwas ta Suzuka ta farko a 1978, Wes Cooley kuma ya ci kambun manyan babura na Amurka da shi a 1979 da 1980. Amma salansar Yoshimura awo ce: tsawon bututu da faɗinsa an lissafa su ne don bugun hayaƙin silinda ɗaya ya taimaka wajen zuƙo na gaba, kuma tana tafiya da kafireto da kayan tof da aka daidaita mata. Huda salansa da ƙarfe a bakin mai walda ba ya cikin wannan lissafi. Duk wanda zai canza salansa, ya sa kuɗin saita kafireto a cikin kasafinsa tun farko, har da daidaita huɗun su riƙa zuƙa bai ɗaya.

Wata kuma da ke da alaƙa da kunne: wai inji mai lafiya shiru yake, idan aka ji kas-kas a sama a matse bawul. Injin da ba shi da rigar ruwa dole ya fi surutu, don babu abin da ke shanye ƙarar, har kamfanoni kan cusa 'yan robobi a tsakanin haƙarƙari don rage amo. Ɗan ratar da ke kan bawul kuwa da gangan aka bar ta, saboda ƙarfe na miƙewa idan ya ɗau zafi. A tsofaffin injuna ratar ma raguwa take yi, domin bawul na ƙara nutsewa a mazauninsa. Bawul ɗin da ya rasa rata ba ya rufewa ruf, ba ya samun miƙa zafinsa ga tof, sai ya ƙone cikin shiru. Babur ɗin da ke wuyar tashi kuma sama ta yi tsit, shi ya fi ba ni tsoro. Ana auna ratar ne da siraran ma'aunin ƙarfe, injin yana sanyi, bisa adadin da kamfani ya rubuta. Masu Ducati suna da nasu nauyin daban: bel ne ke juya kayan bawul ɗin yawancinsu, kuma a tsofaffin ƙirar masu bel ana canza shi duk shekara biyu ko wajen kilomita 20,000, ko da babur ɗin a ajiye yake. Idan ya tsinke, fistan da bawul ne za su yi karo.

Zancen baƙin mai kuwa, gaskiya da jita-jita a cakuɗe suke. Gaskiya ne cewa a ƙasa mai zafi littattafan babura da yawa sun yarda da mai mai ɗan kauri irin 20W-50. Amma a zuba mai kauri kitif, a ƙara da ruwan gwangwanin nan mai danƙo don hayaƙi ya ɗauke, ɓoye ciwo ne. Man da ya yi kauri fiye da kima ba ya saurin isa tof da safe, kuma ba ya zagayawa da saurin da zai kwashe zafi, wanda shi ne rabin aikinsa a nan. Cewa man mota da na babur duk ɗaya ne, ita ma ba haka take ba. A yawancin baburan Japan mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci. Wasu man mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi don tsimin fetur, wannan santsin ke sa filet ɗin kuloci ya riƙa sulɓewa. Saboda haka Japan ta fito da ma'aunin JASO a 1998. A nemi tambarin MA ko MA2 a jikin galan. Sai tsoron da ake yi wa man zamani na haɗin sinadari, wai yana sa tsohon inji yoyo. Ba ya huda komai. Dattin da ya toshe bakin robar da ta riga ta bushe yake wankewa, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana. Robar ce ke son canji. Abin da ya fi sunan mai muhimmanci shi ne a yi juye a kan lokaci, a kuma sayi mai a inda aka amince da shi, don jabu ya yi yawa a kasuwa.

Wasu dattawa na cewa tsofaffin injuna sai da fetur mai dalma. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da shi tun farkon 2006, Aljeriya ta rufe babinsa a duniya a 2021, kuma waɗannan babura na ta yawo, domin tof ɗinsu na alminiyon an dasa masa mazaunin bawul na ƙarfe mai tauri tun daga masana'anta. Abin tsoro shi ne fetur ɗin galan na bakin hanya mai ruwa da datti, da tsatsar cikin tanki. Ƙaramar filtar fetur a kan tiyo tana rage wannan.

Yanzu ga wadda nake son mai karatu ya fi tsayawa a kanta: wai idan za a inganta babur, daga inji ake farawa. CB750 na 1969 yana da ƙarfin doki wajen 67, Z1 yana da 82. Yamaha R6, mai injin da bai kai nasu girma ba, ya haura 115. Duk kuɗin da mutum zai zuba, tseren ƙarfi da babur ɗin zamani an riga an gama shi. Kuma tun asali raunin waɗannan babura ba a inji yake ba. Injinan Japan na shekarun 1970 sun fi ƙarfin firem da shokozoba da tayoyin zamaninsu, har Kawasaki H2 na 1972 ya samu laƙabin mai sa mata takaba. Masu tsere na lokacin sai da suka riƙa ƙara wa firem ƙarafa kafin ya daina rawa a kwana. Ƙara wa irin wannan babur ƙarfi alhali birki da shokozobansa sun shekara talatin, daidai yake da ƙara wa ingarma hatsi linzaminsa na dab da tsinkewa.

Inda kuɗi ke aiki shi ne ƙasa. Man birki yana zuƙar danshi, idan ya tsufa yakan tafasa a lokacin da aka fi bukatarsa, don haka ake canza shi duk shekara biyu. Kuma DOT 5 ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4, duk da lambar ta fi girma. Tsohon tiyon birki na roba kumbura yake idan an matsa, sabo mai saƙar waya yana mayar da hannun birki tsaf. Man shokozoban gaba yakan zama ruwa mai wari, na baya ya saki, boris ɗin wuyan kan babur ya yi rami. Gyara waɗannan yana canza tafiyar babur fiye da duk abin da za a yi wa inji da kuɗi ɗaya. Ga kuma tsohuwar magana ta masu ƙananan babura, wai birkin gaba kayar da mutum yake. A babban babur na gudu, gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, don nauyi can yake komawa idan an taka. Fizgar sa ce ke kayarwa, musamman a kan yashi. Ana koyon matsa shi ne a hankali sannan a ƙara. A tuna kuma gudu idan ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi.

Taya mai faɗi ta fi kama ƙasa, in ji masu son kwalliya. Kowane wili yana da faɗin tayar da aka yi masa. Idan aka cusa wadda ta fi ƙarfinsa, sai ta tsuke ta yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa ya lalace, babur ya riƙa gardama a kwana, wani lokaci ta goga da cen. Canza wili mai inci 18 ko 19 zuwa 17 don samun tayoyin zamani abu ne da ake yi, amma yana sauke babur ya canza yadda kansa ke juyawa, aikin mai awo ne. Shekarun taya sun fi faɗinta muhimmanci. A gefenta akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan uku ne, an yi ta kafin 2000. Tayar Baljiyam mai zane raɗau na iya zama ta bushe tun tuni, kuma manyan kamfanonin taya na ba da shawarar kada a wuce shekara goma ko da ba a taka ta ba.

Wannan ya kai mu ga kirarin dillalai: “Oga, a ajiye yake, bai yi tafiya ba.” Zama yana cin babur. Fetur ya bushe ya bar danƙo a kafireto, tanki ya yi tsatsa, robobi su tsattsage, fistan ɗin birki ya maƙale, wayoyi su yi kore a mahaɗa. Wanda ake hawa ana juye a kan kari, ko da mitarsa ta yi nisa, sau da yawa ya fi lafiya. Wutar lantarki ce ma ta fi ba da wahala a tsofaffin, kuma jerin Suzuki GS ya shahara da ƙona kwayil ɗin caji da rektifaya. Sabon rektifaya mai inganci da tsabtace mahaɗan waya ƙari ne da ba a gani da ido, amma shi ke dawo da mutum gida da dare.

Saura batun kuɗi, wai duk abin da aka ƙara wa babur yana ƙara masa daraja. A kasuwar tsofaffin babura ta duniya akasin haka ake gani. Wanda ya fi tsada shi ne wanda ya fi kusa da yadda ya fito. CB750 na farko-farko, kimanin guda 7,400 da aka zuba kwanson injinsu da tsohuwar hanya kafin Honda ta koma babban zubi, su ne masu tarawa suka fi nema, kuma salansar asali mai bututu huɗu ita kaɗai kuɗi ce. Babur naka ne, kana da ikon yi masa yadda kake so, ni ma ina son ganin Katana da aka sa wa birki da shokozoba na kirki. Roƙona ɗaya gare ka, mai babur: duk abin da za ka canza, ka zaɓi wanda ake kuncewa da sifana a mayar. Akwatin iska da salansa da kujera da fitilun da ka cire, ka zuba su a kwali ka ajiye a inuwa. Firem kuwa, kada ka bari kowa ya kusance shi da abin yanka ko wutar walda don kwalliya, domin an daina ƙera irinsa.